Firizar da Ta Koma Kanti

Ƙarfe goma na safe bai cika ba, amma rana ta riga ta ƙwalle kamar ta azahar, ko iskar da za ta kaɗa labule babu. Mai Kifi yana tsaye a kantin kayan lantarki na kawunsa, yana fifita da hula, yana kallon ma'aikaciyar banki tana leƙa bayan fankoki.

"Ina firizar?" ta tambaya.

"Tana shagona, Malama. Tun jiya. Har ta yi ƙanƙara."

Ta ajiye jakarta a hankali, kamar wadda aka faɗa wa rasuwa.

Tsohuwar firizarsa ce ta mutu bayan ya zuba duk jarinsa a odar kifi. Ba ya son bashi mai ruwa, shi ya sa ya nufi bankin Musulunci. A can aka ce masa ba a ba da kuɗi a hannu: banki zai sayi firizar, ya sayar masa da ribar da aka daidaita, ya riƙa biya sannu a hankali. Jiya kifin ya iso, Kawu kuwa ya ce ina amfanin jira.

"Baba, me ka ce masa da zai ɗauka?" ta tambayi Kawu.

Kawu ya gyara zama. "Me zan ce? Ɗan ƙanwata ne. Na ce ɗauki, na sallama maka, in banki sun biya shi ke nan."

"Ni kuma na ce na karɓa," in ji Mai Kifi. "Ko a'a kike so in ce?"

"To ai kun gama ciniki. Ba za mu sayar maka da abin da ya riga ya zama naka ba. In muka biya Baba yanzu, bashinka muka biya, ƙarin da za mu ɗora kuma ya zama ruwan nan da ka gudo."

"Firizar dai ɗaya ce fa! Fara, mai murfi biyu!"

"Sai kun warware cinikin, ta dawo nan, mu saya, ta shigo hannunmu. In ta fashe a lokacin, asararmu ce. Sannan mu sayar maka."

"Da kifin a ciki?"

"Banki bai yi cinikin kifi ba."

Kawu ya tuntsire da dariya har yana tari. Mai Kifi ya kifa hularsa ya fita.

Kwashe kifin ya yi a manyan robobi, ya lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Shagonsa na kwano ne, barin su a ciki tamkar ɗora su a wuta ne, don haka ya sa aka loda su a a-kori-kura tare da firizar.

"Jiya na kawo ta, yau in mayar, an jima in dawo da ita," in ji mai a-kori-kura yana ɗaure igiya. "Amarya ce ta yi yaji?"

"Tuƙa kawai, malam."

A kanti aka sauke ta da nishi, har ta goge wa Mai Kifi ƙauri. Ya ce ya mayar, Kawu ya ce ya karɓi kayansa, yana ƙunshe dariya. Malama ta duba lambar jikinta, ta buga waya, banki ya biya Kawu.

"Alhamdu lillahi. To, sayar mini."

"Sai manaja ya amince. Yana taro."

"Taro?"

"Ba zai daɗe ba."

Mai Kifi ya dubi robobin. Ruwa mai ja-ja ya fara tsattsafowa daga ƙarƙashin buhu yana bin siminti, ƙudaje sun fara sallama. Ya danna wani kifi da yatsa, yatsan ya nutse.

"Kin ga? Jarina ke nan yake narkewa. Na gudu daga ruwa, ga shi ruwa na bi na har ƙafa!"

A waje mai a-kori-kura ya hau matsa oda, wai yana da wani lodin. Mai Kifi ya fita da sauri yana ɗingishi, ana jiyo shi yana haɗa mutumin da girman Allah.

Sai Malama ta naɗe hannun rigarta, ta ja wayar firizar ta jona a bango.

"'Yata, lafiya?" in ji Kawu.

"Kayan banki ne yanzu, Baba. Dole in gwada ko tana sanyi. Ba a gwaji da wofi."

Ta yaye buhun, ta shiga jera kifin da hannunta, ruwan yana ɗiga a takalminta.

Da Mai Kifi ya dawo ya ji gurnanin inji, ya ɗaga murfi ya leƙa, ya yi tsaki.

"Wa ya yi wannan jerin? Ai manyan ake fara sawa a ƙasa."

Ya sunkuya ya hau sake jerawa yana mita. Ita kuwa ta matsa bakin ƙofa, ta riƙe wayarta da yatsu biyu saboda ƙarni, ta sake kiran manaja.