Makwantar Shanu a Sama

Munawwara ta iso Farin Dutse saura mako biyu a yanke dawa, tana tafiya kamar ƙasa ba ta isa ta taka ba. Shekara uku ta yi a jami'a tana ƙirga gungun taurari, waɗanda masana ke kira galaksi, a hotunan wani ɗan yanki na sama. Ta tarar sun cunkushe fiye da yadda lissafi ya nuna, sai ta rubuta cewa duk sararin samaniya haka yake, magabata ne suka kuskure. Ranar Litinin za ta aika wa malaminta rubutun, kuma digirinta na uku a kan wannan magana ya rataya.

Baffa Yunusa, ƙanen mahaifinta da ya riƙe ta tun tana marainiya, ya saurari bayanin yana gyaɗa kai, ko rabi bai gane ba. Da hantsi ya ja ta gona. Ya tsayar da ita a bakin hanya inda zangarniya ta yi ɓul-ɓul, ya ce tunda ita ce gwanar lissafi, ta faɗi dami nawa za a ɗaure bana. Ta auna taku goma, ta ƙirga, ta ninka, ta ce tamanin, babu tantama.

Tsohon ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe nan shanunsa suka kwana duk rani, taki ya taru. Ya zaga da ita ta tudu inda kara ya tsumbure, da kwari inda ruwa ya kwanta, sannan ya ce tsakanin arba'in da hamsin da biyar, in Allah ya yarda. Ta ce ai wannan ba amsa ba ce, tazarar ta yi yawa.

"Ita ce amsar, ƴata. Mai cewa tamanin shi ke rabar da hatsi da kaka, ya sha yunwa da bazara. Ke a saman naki, wuri nawa kika zaga?"

Ta ce wuri ɗaya ne, wanda farcen babban yatsa zai rufe. Ta ƙara da cewa saman ma ɗaya ne tak, babu na maƙwabci da za a gwada, babu na baɗi.

Baffa ya ce, "To kin fi ni buƙatar cewa wataƙila."

Litinin ta wuce ba ta aika komai ba, don da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ta sake lissafi, ta faɗaɗa tazarar shakka yadda ƙanƙantar yankin ta wajabta, babban abin da ta gano ya koma ɗan zato. Ta yi kuka sosai, ta ji haushin Baffa na kwana biyu.

Dawa ta ba da dami arba'in da bakwai. Bayan wata takwas aka fitar da hotunan yanki mai faɗi, aka ga cunkoson a ɗan wurinta kaɗai yake. Da rubutun farko ta aika ba gyararren ba, da aikin shekara uku ya rushe a gaban masu jarrabawa.

Da ta kawo kundin digirinta gida, godiya ta cika mata zuciya. Baffa ba ya karanta boko, saboda haka ta buɗe shafin farko, inda ta rubuta sunansa da ajami da hannunta. Ya bi shi da yatsa, harafi bayan harafi, ya kai ƙarshe, ya sake komawa farko.