Tekun da ke Rijiyar Kawu Tunau

Zazzaɓi ya kwantar da Zuwaira bayan azahar, kwana ɗaya da ta yanke wa rijiyar Kawu Tunau hukunci. Shekara tara ta yi a ƙasar waje tana karantar duwatsu. Ta ɗebi ƙasa daga tsibin da ke bakin ramin, ta duba a madubin ƙara girma: ƙwayoyin tsirran tudu a saman tsibin, gawarwakin ƙananan halittun teku a gindinsa. Ta ce ruwan zartsi ne a gaba, a cike ramin. Kawu Tunau, mai haƙa, ya riga ya kai zurfin gaba ashirin da biyu a ciki. 

Barci ya sauke ta cikin guga. Ta yi ta sauka har ramin ya buɗe ya zama fili. Teku na rataye a samanta kamar rufin ɗaki, yana numfashi a hankali.

Wata tsohuwa ta gangaro daga cikin ruwan, jikinta duk ƙaya, ana ganin haske ta cikinta. Zuwaira ta gane ta. Jiya ta gan ta a madubi, ba ta kai ƙwayar gero ba.

"Sannu, Iya."

"Ke ce likitar duwatsun? Kin ƙirga mu sarai. Kin tambayi wa ya riga wa kwanciya?"

Ƙarƙashin ƙafar Zuwaira yashi ya motsa. Ƙwayoyin tsirrai masu baki uku suka taso kamar fari, suna ƙamshin kogi. Ɗaya ta sauka a kunnenta.

"Mun girme ta. Mu ne a ƙasa, ƙafarmu cikin ruwan daɗi."

"A sama na same ku."

Suka kwashe da dariya. Can gefe ga Kawu Tunau yana juye guga, kansa ƙasa, ƙafafunsa sama. Ƙasar da ya fara haƙowa tana kwanciya a gindin tsibi, ta ƙarshe tana hawa bisa. Ya lashi ɗan yashi, ya miƙo mata.

"Ɗanɗana, 'yar boko."

Kafin ya taɓa harshenta, ƙasa ta fara zubowa daga sama, shebur bayan shebur, tana binne masu dariyar.

Ta farka a firgice. Ƙarar shebur ce ta gaske, daga bayan gida, ana cike rijiyar.

Ta fita ba takalmi, ba mayafi.

"Kawu! Ku dakata! A kife na karanta tsibin, ruwan daɗi ne a gaba!"