Karen da Mordecai Ya Bari

Ranar da aka kai Mordecai gidan kula da tsofaffi bayan shanyewar ɓarin jiki, abu guda ya roƙi maƙwabcinsa Malam Haliru: ya riƙe masa Janar. Shekara goma sha tara katanga ɗaya ta raba su a unguwar Thamesmead ta London, mutumin Kafanchan da mutumin Gumel, kuma Haliru, tsohon ma'aikacin rediyo, bai iya cewa a'a ga mai kuka ba.

Janar kare ne ɗan asalin Jamus. Kansa ruwan ƙasa ne, jikinsa dabbare-dabbare kamar na zabuwa, ga faɗin ƙirji, ga kunnuwa a zube da sai an goge cikinsu duk mako. Abin da ba ya jurewa shi ne zama. Idan bai yi gudun awa biyu ba, sai ya huce a kan abin da ya samu, kuma a rana ta uku takalmin matar Haliru, Hajiya Karimatu, ya samu.

"Malam, gidan da kare yake mala'iku ba sa shiga," in ji ta. "Litinin masu karɓar dabbobi za su zo. Na riga na yi booking."

Haliru bai musa ba, don shi ma abin yana cin ransa. Amma amana ce, kuma ya san Mordecai ba zai ƙara tashi ba in ya ji an ba da karen. Bayan sallar Juma'a ya tari liman, Malam Shamsudeen, wanda ya ce an yi rangwame ga karen gadi, da na kiwo, da na farauta.

"Shi wannan yana farauta?"

"Allah gafarta Malam, an ce sana'ar kakanninsa ke nan a Jamus."

"Ba kakanninsa na tambaye ka ba, Haliru."

Asabar da hantsi ya ja karen zuwa fadamar da ke bakin kogi, Karimatu na biye a matsayin shaida, ta naɗe cikin kwat biyu. Haliru ya san farauta tun yana yaro: a yi bismilla, a saki kare, kare ya bi, ya cafko, a ci halal. Ya yi bismilla da ƙarfi don shaida ta ji, ya kwance igiya.

Janar ya fyalla, yana kai da kawo, hanci a iska. Can ya tsaya cak gaban wani kurmin ciyawa. Ya miƙe wuya, ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya, wutsiya ta sandare. Ga zomo nan a laɓe, taku biyar tsakaninsu.

"Kama!" in ji Haliru. "Janar, kama mana!"

Ko gezau. Karen dai ya juyo da ido ɗaya ya dube shi, irin duban da ake yi wa wanda ya zo aiki ya manta kayan aikinsa. Suka tsaya haka, kowa na jiran kowa, har zomon ya gaji da su ya yi tafiyarsa.

Haliru ya kira Mordecai a waya. Muryar tana fita da ƙyar, amma dariyar ba ta shanye ba.

"Maƙwabci, ai ba ya kamu. Nunawa kawai yake yi. Shi ya gano, kai ka harba. Haka Jamusawa suka raba aikin."

"Da me zan harba a London?"

"To, wannan kuma ba laifin Janar ba ne."

Karimatu ta zauna a kan benci tana dariya har da hawaye. "Ashe ɗan'uwanka ka samu! Shekara talatin kana nuna wa jama'a ɓarayi a rediyo, ka taɓa kama ko ɗaya?"

Maganar ta taɓa Haliru inda ya daɗe yana yi masa ciwo. Ya ɗaure karen, ya ce a hankali, "Shi ke nan. Ba zan yi wa Malam ƙarya ba. Bai kama komai ba. Su zo Litinin."

"Wa ya ce bai yi farauta ba?" Ta miƙe tana gyara mayafi. "A gabana ya yi. Kare ya yi nasa, mafarauci ne babu. Ba za a kori mai aiki a bar malalaci ba."

"Hajiya, mala'ikun fa?"

"Rumfar da ke bayan gidan nan ba ɗakina ba ce. Ka kwashe tarkacen kaset-kaset ɗinka, ka shimfiɗa masa. Kuma kullum bayan asuba ku fito nan, ko ana ruwa, tunda ka ce kai mafarauci ne."

Da la'asar ta kira masu karɓar dabbobi ta yi cancel. Haliru yana rumfa yana jidar kwalaye, yana jujjuya yadda zai gaya wa liman cewa karen ya ci jarrabawa, shi ne ya faɗi. A bakin ƙofa Janar ya sake sandarewa, ƙafa ɗaya a sama, yana nuna masa tantabarar da ke kan shinge.

"Na gani," in ji Haliru. "Na gode."