Gadon da Ba a Kwana a Kai

Marlon Tibbs ya jawo durowa ya tarar da riguna huɗu a linke, kowacce da takardar kanti a wuyanta. Aikinsa ke nan a ofishin ilimi na gunduma: in wani ya buga waya ya ce ɗalibi kaza ba a yankin makarantarsa yake kwana ba, shi ake turawa. Wanda aka kama sai a mayar da shi makarantar unguwarsu, can ƙetaren titin jirgi, inda rabin azuzuwa ba malami.

Yau a kan Tanisha Gaines aka turo shi. Saura mata wata uku ta gama sakandare. A takarda, wurin kakarta take zaune.

"Nan take kwana, Mama?"

"A'a, a kan rufi, kamar tantabara," in ji kakar, Mama Odessa, daga bakin ƙofa. "Marlon, ni fa na share maka majina a coci. Yau kai ne da biro a ɗakina?"

Ya shiga banɗaki. Buroshin haƙori na tsaye a kofi, bai taɓa ganin baki ba. Matajin ba ko silin gashi. Gadon kuwa a miƙe, kamar na otal. Ya san inda uwar yarinyar take haya, ya san motar da ke sauke ta a kwanar nan kowace safiya. Wanda ya ja layi a taswira ya raba yaran gari gida biyu bai taɓa shiga banɗakin kowa ba. Shi aka bar wa wannan.

Ya kunna famfo, ya jiƙa buroshin, ya murza shi a tafin hannunsa har ya baje, ya mayar. Sannan ya rubuta: ɗaliba tana zaune a gidan.

"Mama, a cire takardun kantin nan. Gadon ma a ɗan yamutsa shi."

Tsohuwar ta daɗe tana kallonsa. Ta shiga kicin ta naɗo masa kek ɗin dankali mai ɗumi, ta rako shi har mota. Nan ta kama hannun rigarsa.

"Na san wadda ta kira ku. Yvette ce, mai koriyar ƙofar can. To, ɗan ƙanwarta da ke buga wa makarantar ƙwallo, ka tambaye ta ina yake kwana."

"Mama, don Allah ki bari. In kika faɗi suna, dole in rubuta."

"Darnell Pruitt," ta ce. "Ko in maimaita?"

Marlon ya dubi koriyar ƙofar. Labule ya motsa. Ya ajiye kek ɗin a kan mota, ya zaro biro.