Na Ladidi

A kasuwar Guro ta Adjamé a Abidjan, in ka shiga layin albasa ka ce Hajo kake nema, ba wanda zai tambaye ka wace Hajon. Shekara arba'in tana kan benci ɗaya, tsakanin buhunan da manyan motoci ke saukewa daga arewa. 'Ya'yanta shida. Biyar tana kiransu da sunayensu, har ta haɗa da zagi in ta kama. Na farin kuwa, Harisu, shekararsa arba'in da tara a duniya, sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba.

Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, irin wadda ta tashi ta tarar a gidansu na Treichville. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta nuna wa mutane cewa nata ne. Ana yaye Harisu aka miƙa shi ga yayar ubansa, Ladidi, can bayan babban masallaci, ita ta goya shi, ita ta kai shi makarantar boko, ita ta sa hannu a takardar shiga. Tun daga nan Hajo ta samu abin kiransa: Na Ladidi. In ya zo gaisuwa ya durƙusa a bakin ƙofa, ta kau da kai ta amsa wa bango. In ta dafa abin da yake so, sai ta ce wa ƙanwarsa Zalihatu, "Ki kai wa Na Ladidi, kar ya lalace." Duk gidan sun san naman da ya fi kyau a kwanonsa yake, ba wanda ya taɓa cewa komai.

Harisu ya girma a bakin tashar jiragen ruwa. Ya fara da yawon takardun fitar da kaya daga wannan taga zuwa waccan, ya zama shugaban masu wannan aiki, ya zama kansila. 'Yan dako sun san shi, direbobi sun san shi, matan da ke sayar da aceke, dambun rogo, a ƙofar tasha ma sun san shi, don shi ya hana a tashe su. Da ya ce zai tsaya takarar ɗan majalisa, a shekarun nan da kowa a Abidjan ya koma tonon asalin maƙwabcinsa, mutane suka ce zai ci. Daga ranar da aka ce zai ci, wata jarida ta tuna cewa shi baƙo ne.

Masu jaridar ba su taɓa aikinsa ba, don ba su samu inda za su kama ba. Suka zana shi da kan albasa yana jan raƙumi a kan gada. Suka raɗa masa Mesiye Albasa. Suka ce Faransancinsa warin hamada yake, shi da ya koya wa rabinsu rubuta wasiƙa. Suka ce babbar rigar da yake sawa ranar Juma'a tutar wata ƙasa ce, da ya sa kwat kuma suka ce ɓad da kama yake yi. Hajo ba ta karatu, amma zane ba ya buƙatar karatu. Ta ga jaridar a hannun wani mai tura baro, ta gane hancin. Ta ci gaba da ware ruɓaɓɓu daga masu kyau.

Maganar asalin kuwa a kanta ta tsaya. Uban Harisu daga Nijar ya zo, ya mutu da katin zaman baƙi a aljihunsa. Ladidi ma haka. Ita Hajo a Treichville aka haife ta, takardarta ta 'yar ƙasa ta girmi wasu daga cikin masu yi mata tambaya. Ta wajenta Harisu ya zama ɗan ƙasa. Sai jaridar ta samo tsohon rajistan makaranta mai ɗauke da sa hannun Ladidi, ta buga cewa Ladidi ce uwarsa, wannan mai albasar aro ta aka yi saboda takarda.

Wata Laraba da hantsi wani saurayi mai tsabta ya tsaya a gaban buhunanta. Ya taya albasa ba tare da ya duba ta ba, abin da ya isa ya nuna mata ba mai saye ba ne, amma ranar ciniki ya yi mata yawa. Ya yi mata Julanci, yaren kasuwar, mai daɗi, ya gaishe ta da jiki, ya ce ya ji an ce ita ce ta haifi wannan ɗan takara.

Hajo ta ja gyale ta rufe gefen fuska, ta dubi ƙasa.

"Na Ladidi ne," ta ce.

"Ba naki ba ne, Mama?"

"Na ce maka na Ladidi ne. Albasar nawa za a auna?"

Ƙaramin rikoda na cikin aljihun rigarsa, mai hoto kuma na bayan wata mota. Ranar Juma'a hotonta ya fito a shafin farko, tana ɓoye fuska kamar wadda aka kama da sata. Abokin takarar Harisu bai ɓata lokaci ba, ya kai ƙara cewa a soke takardar shaidar zama ɗan ƙasa ta Harisu. Saura kwana goma sha ɗaya a rufe karɓar sunayen 'yan takara.

Zalihatu ce ta zo mata da labarin. Ungozoma ce a wani asibiti, bakinta ya fi saurin Faransanci, in ranta ya ɓaci Hausarta sai ta riƙa tuntuɓe. Ta ajiye jaridar a kan buhu.

"Inna, kin san abin da kika yi? Sun ce ke da bakinki kin ce ba ke kika haife shi ba."

"Ni na ce haka?"

"Kin ce na Ladidi ne. Su ba su san wata kunya ba, Inna. Ko sun sani ma, sa ne le zaranj, sanin ba zai biya musu buƙata ba. Yanzu sai kin je tribinal, kotu, ki tsaya gaban juj, alƙali, ki nuna Yaya da hannu, ki faɗi sunansa."

"A gaban mutane?"

"A gaban duk wanda ya samu wurin zama."

"Ba ga papiye ba, takardunmu? Su karanta mana."

"Papiyen ne suka ce na ƙarya ne."

Hajo ta ture jaridar daga kan buhun. Abin da aka nema a gare ta bai fi numfashi ɗaya ba, ta san da haka. Amma a wurinta daidai yake da a ce ta kwance zane a tsakiyar Roxy, mahaɗar da gbaka, ƙananan motocin haya, ke sauke mutane. Ta tuna matan da ta yi wa dariya a zuci saboda suna rungumar ɗan fari a titi suna kiransa sheri, wato masoyi. Shekara arba'in da tara tana riƙe da wannan abu, kuma ba ta taɓa jin nauyinsa ba, don a ganinta shi ne mafi tsadar abin da ta ba yaron.

Ta hau gbaka ta haye gada zuwa Treichville, wurin Malam Imrana, wanda ya karantar da 'ya'yanta duka. Ta so ya ba ta mafita, ko ya ce ta aika wakili. Malam ya saurare ta yana gyaran gilashi, ya ce kunya abu ne mai kyau, amma ɓoye shaida laifi ne, kuma bai san littafin da ya hana uwa kiran ɗanta ba. Ta fito tana jin haushinsa. Ta ce a ranta, shi namiji ne, bai taɓa haihuwa ba.

Harisu da kansa ya zo ana gobe zaman kotu. Ya cire takalmi, ya durƙusa inda ya saba. Muryarsa ta dushe saboda tarurruka.

"Hajiya, in abin zai yi miki nauyi, a bar shi. Zan janye. Kujera ce kawai."

Ta dubi bango, ta yi magana da Zalihatu.

"Ki ce masa in ya janye, gobe 'ya'yansa za a ce wa baƙi. Ki ce masa ya je ya sha zuma da lemun tsami."

Zauren kotun ya cika tun kafin tara. 'Yan dako sun zo da rigunan aikinsu, matan layin albasa sun rufe rumfuna sun zo, can gefe kuma ga 'yan jarida. Alƙalin mutum ne mai ƙaramar murya wanda ke duba agogo kamar an bar masa tukunya a wuta. Aka kira Hajo, aka ba ta tafinta, wani dattijo Bajule da ya iya Hausa. Aka tambaye ta sunanta da na iyayenta da unguwar da aka haife ta, ta amsa duka ba gargada. Aka tambaye ta 'ya'ya nawa ta haifa, ta ce shida. Sannan alƙali ya ce ta nuna na farin, in yana cikin zauren, ta faɗi sunansa.

Ta juya. Harisu na zaune a layin gaba kusa da lauyansa, ya sunkuyar da kai don ya sauƙaƙa mata. Ta dube shi sosai, irin kallon da rabonta da yi masa tun yana cikin zanen goyo. Ashe ya yi furfura a gefen kunne. Ashe akwai tabo a haɓarsa, ba ta san ranar da ya ji ciwon ba. Ta ɗaga hannu, hannun ya yi mata nauyi kamar buhu, ta buɗe baki, babu abin da ya fito.

Alƙali ya maimaita tambayar. Wani daga gefen 'yan jarida ya yi 'yar dariya. Tafintan ya matso, ya sassauta murya.

"Hajiya, ni ma uwata ba ta kira nawa ba har ta koma ga Allah. Ki daure."

Alƙali ya tambaya karo na uku, yana rufe alƙalami.

"Harisu," ta ce.

A daidai lokacin magatakarda ya miƙo wa alƙali wata takarda, ya sunkuya yana dubawa. Da ya ɗago ya ce bai ji ba, shaida ta ɗaga murya.

"Harisu. Ɗana ne. Ni na haife shi, ranar Talata, da damina, a ɗakin uwata. Kwana biyu ina naƙuda."

Matan layin albasa suka sunkuyar da kai gaba ɗaya, kamar su aka tsiraita. Harisu ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa na motsi. Alƙali ya rubuta wani abu, ya ce kotu ta ji, amma tana buƙatar a binciko asalin rajistan haihuwar ita shaidar kanta daga ma'ajiya. Ya ɗage zama zuwa mako biyar. Lauyan Harisu ya miƙe ya ce nan da kwana huɗu za a rufe karɓar sunaye. Alƙali ya ce wannan ba a gabansa yake ba, ya tashi.

A matakalar waje Harisu ya zo zai durƙusa a gaban jama'a, Zalihatu ta riƙe shi. Hajo ta wuce su ta nemi gbakar Adjamé, don an ce motar albasa za ta iso da azahar. A cikin motar ta ji bakinta wani iri, kamar ta ci abin da ba nata ba. Baƙin ciki take ji, da kunya, da wani abu mai kama da daɗi wanda ta ƙi yarda ta duba shi.

Aka rufe sunaye ba na Harisu. 'Yan dako suka yi zanga-zangar yini ɗaya aka watsa su da hayaƙi, washegari suka koma ɗaukar buhunan koko.

Ranar Litinin Zalihatu ta biyo ta kasuwa daga wurin aiki, jarida a naɗe a cikin jakarta. Hajo ta hango gefenta.

"Karanta min."

"Ba komai a ciki, Inna. Shirme ne."

"Na ga gyalena a jiki. Karanta."

Zalihatu ta warware ta a hankali. Hoton Hajo ne a zauren kotu, hannu a sama, baki a buɗe. Ta karanta da Faransanci, sannan ta juya mata da Hausa tana haɗiye rabin kalmomin. An rubuta cewa sai da alƙali ya tambayi tsohuwar sau uku, tafinta kuma ya raɗa mata a kunne, kafin ta tuno sunan ɗan da ta ce ita ta haifa.

Hajo ta ɗauki wata albasa, ta matsa ta da babban yatsa, ta jefa cikin kwandon masu kyau. Ta ɗauki wata.

"Shi ya gani?"

"Ya gani."

"Me ya ce?"

Zalihatu ta ninke jaridar, ta daɗe tana gyara bakin jakar.

"Ya ce shi ya ji kin kira shi tun a karo na farko."