Kunnen Barau Maƙeri

Kwanson harsashi bakwai Sajo maharbi ya kawo maƙerar surukinsa Barau a Maigatari, duk fanko, irin na sojan Faransa, ya tsinto su a hanyar Damagaram. Bindigarsa kuwa ta Ingilishi ce, cikinta ya fi faɗi. Wani zaki ya addabi makiyayan Gagarawa, Sajo kuma, da yake bakinsa ya fi ƙafarsa sauri, ya riga ya faɗa a kasuwa cewa shi zai kashe shi.

Barau ya san aikin. A gasa wuyan kwanso ya yi ja, a tsoma a ruwa, a zura ƙarfe a buɗa shi a hankali har ya yi daidai da bindigar, sannan a ɗura albarushi da dalma. Amma tagullar ta tsufa. Shida suka dare a hannunsa, saura ɗaya.

Kafin a ɗura, da kunne ake gwadawa. A saki kwanson kan uwar maƙera: lafiyayye ya yi amo siriri mai tsawo, mai ɓoyayyen tsagi ya yi ƙwas ya mutu. Mai tsagi in ya shiga bindiga, fuskar mai harbi wutar take komawa, ga kuma zaki a gaba.

Barau ya saki. Ya ga kwanson ya yi tsalle, bai ji komai ba. Shekara biyu ke nan guduma ta cinye masa kunne, leɓen mutane yake kallo yana amsawa, kuma bai gaya wa kowa ba.

Sajo na durƙushe, kansa a ƙasa. "Baba, ya yi?"

Barau ya sake saki. Shiru. Tsoro ya kama shi, kunya ta fi tsoron. Kalma ɗaya za ta rufa masa asiri, ita ce kuma za ta iya mayar da 'yarsa mai takaba.

'Yar tasa Mairo, matar Sajo, tana bakin ƙofa da ƙwaryar fura, cikinta ya tsufa. A gindin zuga-zugin nan ta girma, ta san amon tagulla.

"Mairo, matso," in ji Barau. "Ni ba na ji. Na daɗe ba na ji. Saurara mini."

Ya saki na uku, idonsa a kan bakinta. Ta dubi kwanson, ta dubi mijinta.

"Ya tsage, Baba."

Sajo ya ɗago kai.

Barau ya ƙura mata ido. Kunnenta ne ya faɗa, ko cikin da take ɗauke da shi? Ba ta sunkuyar da kai ba. Ya sa awartaki ya ɗauki kwanson, ya tura shi tsakiyar garwashi, ya ja zuga-zugi da kansa har ya narke.

Bai taɓa tambayarta ba.