Ramin Masi na Kawu Ioelu

Kawuna Ioelu dattijon coci ne a ƙauyenmu, a tsibirin Savai'i na ƙasar Samoa. Wata Lahadi bayan cin abincin rana ya kishingiɗa a tabarma, barci ya kwashe shi, ya farka yana haɗa gumi. Ya ce ya ga aladu bakwai ramammu sun cinye aladu bakwai masu ƙiba, kuma ko gyatsa ba su yi ba.

Matarsa, Inna Malaea, tana kankare kwakwa, ko kai ba ta ɗaga ba. "Ramammun namu ne," in ji ta. "Yau kwana uku ba ka kai musu komai ba."

Kawu bai saurare ta ba. Ya ce irin mafarkin da Yusufu ya fassara a Masar ne sak, shanun ne kawai aka musanya da abin da muke da shi. Shekara bakwai ta ƙoshi za ta zo, ta yunwa bakwai ta biyo baya. A taron dattawa ya nemi kowane gida ya riƙa kawo kashi ɗaya cikin biyar na ayabarsa da ulu, ɗan itacen nan da muke gasawa mu ci kamar doya, a binne a rami su yi tsami su zama masi, abincin ajiya, yadda kakanninmu suke yi don ranar guguwa. Dattawa suka yarda, don sun san haƙa rami ya fi musu da Kawu sauƙi.

Sai aka tarar ba wanda ya iya yin masin, in ban da Kaka Sialei mai shekara casa'in. Da muka je wurinta, ta daɗe tana kallon Kawu.

"Ɗan nan, ranar da jirgi ya fara kawo mana fulawa, rawa muka yi a bakin ruwa. Kai kuma masi kake nema?"

Duk da haka ta koya mana. Aka haƙa rami a bayan coci, zurfinsa ya shanye mutum biyu, aka shimfiɗe shi da ganyen ayaba, aka zuba ulu, aka danne da duwatsu. Bayan wata biyu wari ya fara shigowa ta tagogi. Fasto Setefano, wanda bai taɓa yin wa'azin ƙasa da awa biyu ba, ya koma minti goma sha biyu, yana yi da hankici a hanci. Tun daga nan ba a ƙara jin mai ƙorafi kan ramin ba. Wasu ma har ƙari suke kawowa.

A gidansa kuwa Kawu ya hana sayen komai daga kanti. Ba sukari, ba shinkafa, ba ashana. Da murza itace yake hura wuta, ya fara da hantsi ta kama da la'asar. Inna Malaea ta koma shan shayi a gidanmu.

Shekara bakwai ta cika cikin ƙoshi, Kawu yana ta gyaɗa kai. Ta takwas ta zo, ulu ya yi 'ya'ya har rassa suna karyewa. Kawu ya rame. Kullum yana bakin teku yana duban sama. Mutane in sun wuce sai su ce, "Haƙuri za ka yi, dattijo, wataƙila baɗi."

A ta tara guguwar ta zo. Ta kewaye mu tsaf, ko bokiti ba ta kifar mana ba, ta je ta faɗa wa ƙauyen da ke ɗaya gefen tsibirin, ta kwantar da gonakinsu duka. A can yayan Kawu yake, Kawu Ameto. Shekara goma sha biyar ba sa magana, tun rigimar da suka yi kan kwalekwalen mahaifinsu.

Kwana huɗu bayan haka sai ga Kawu Ameto da mutum tara na ƙauyensu, da kwanduna, sun zo neman abinci. Kawu Ioelu ya ƙidaya su daga nesa, ya sake ƙidayawa.

"Goma!" ya ce. "Goma cif, kamar 'yan'uwan Yusufu! Tuaoloa, ɗauko mini kujerar fasto da farar rigata. Ke ce tafinta."

"Tafintar me, Kawu? Harshenku ɗaya, nono ɗaya kuka sha."

"Haka yake a Littafi. Zo ki tsaya nan."

Ni malamar makaranta ce, 'ya'yana uku, amma na je na tsaya. Ya zauna a bakin ramin, ya ɗaure fuska, ya yi wani gunaguni da ya ce Masaranci ne, sannan ya raɗa mini abin da zan faɗa.

"Wai ku su wane ne, daga wace ƙasa?" na ce.

Kawu Ameto ya dube ni, ya dubi ƙaninsa. "Tuaoloa, ya faɗi ne ya buga kai?"

"Wai ku 'yan leƙen asiri ne."

"Asirin me? Tun daga kan gada muke jin warinsa! Ki gaya wa wannan mai kunnen jemagen, ni na goya shi, ni na wanke masa gindi, kuma yunwa muke ji."

Na juya zan fassara, Kawu Ioelu ya ce, "Na ji ai," sai ya tuna, ya sake yin gunaguninsa.

Aka ɗaga duwatsu. Karnuka suka bar ƙauyen. Mata suka ɗaure hanci da ƙyalle, suka ɗebo masin, aka cuɗa shi da madarar kwakwa, aka gasa a kan duwatsu masu zafi. Kaka Sialei ta ɗanɗana, ta runtse ido, ta ce, "Ya yi. Haka yake. Allah ya isa."

Ana cika kwanduna, Kawu Ioelu ya lallaɓa ya cusa kofin shayinsa na tangaran a na yayansa. Shirinsa shi ne su kama hanya, ya aika a kamo su a ce sun yi sata, sannan ya bayyana kansa. Amma Kawu Ameto ya zo gyara ganyen kwandon, hannunsa ya taɓa kofin. Ya fito da shi, ya juya shi. Kofin mahaifiyarsu ne, mai tsaga a baki.

Can ya ce, "Ioelu, ni ka ba wannan?"

Kawu ya dube ni, ni kuwa na ƙi buɗe baki. Ya buɗe nasa zai ce ɓarawo, sai ya ga hawaye na bin fuskar yayansa.

"Kai na ba, Yaya," ya ce da harshenmu, sai shi ma ya ɓarke da kuka. Suka rungume juna a bakin ramin, suna kuka suna tari, don iska ta juyo ta wajensu.

"Shashasha," in ji Kawu Ameto. "Ka rame."

"Kai ma ka tsufa, ka yi muni."

Direban bas ɗin da zai mayar da su ya zo, ya shaƙa sau ɗaya, ya ce ko gawar ubansa ce take wannan warin ba zai ɗauka ba. Dole aka rataya kwandunan a sanduna, mutum biyu-biyu, za a taka da ƙafa. Kawu Ameto ba shi da abokin ɗauka, don ɗaya daga mutanensa ya sulale ya shige bas ɗin. Kawu Ioelu ya tuɓe farar rigar ya miƙa mini, ya sa kafaɗa a ɗaya bakin sandar.

Muna tsaye muna jin su har suka sha kwana, suna faɗa kan wanda yake tafiya da sauri. Wata biyu Kawu Ioelu ya yi a can yana taya su dasa gwaza. Masin ya riƙe ƙauyen har sabuwar ayaba ta nuna, kuma har yau in mutanen can suka gamu da mu a kasuwa sai sun yi mana godiya, sannan su roƙe mu kada mu ƙara.